Ranar da Muka Ƙi Tura Mijin Yaya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Mijin Yayata ya riga mu tafiya cikin daminar nan, a wani asibiti a Birnin Kudu, aka yi masa sutura a Gwaram ranar da ya cika.

Ni direba ne. Bas nake ja tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma duk wanda ya taɓa shiga motata ya san bakina ya fi injin gudu. Ana cewa wata tsohuwa ta taɓa sauka a rabin hanya, ba don nan za ta ba, sai don kunnenta ya sha iska. Ban musa ba. To amma a zaman makokin nan babu abin da ya fito daga bakina sai amin. Mutane suka riƙa shigowa, su yi wa 'ya'yansa gaisuwa, sannan su juyo su kafa mini ido kamar ni ne za a ɗauka na gaba.

Kamashon tasharmu, tsoho ne mai ɗan taurin kunne, ya zauna ya shafa addu'a, ya daɗe yana kallon tabarma. Can ya ɗago ya ce, da ƙarfi yadda ya saba, "To yanzu wa zai riƙa zaginmu?" Babu wanda ya yi dariya. Tambaya ce ta gaske.

Akwai mai sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, mutumin Kudu ne, Kirista, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya rufe shagonsa, ya ari hula a wurin mai shayi, ya zo ya tanƙwashe ƙafa cikinmu. Yana share hawaye yana cewa, "Mutumin nan ya hana ni ciniki fiye da ruwan sama. In na sayar da batir da safe, kafin azahar an dawo mini da shi, wai Baba ya ce batir lafiyarsa ƙalau. Wallahi ba ni da aboki kamarsa."

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani manomi ne daga Dingaya. Ya zo kan keke, ya ɗauro kik ɗin wata tsohuwar akori-kura a baya, wato abin nan da ke juya inji in an murɗa makulli. Ya je rumfar mijin Yaya ya tarar da ita a rufe, aka nuna masa gida. Bai san an yi rasuwa ba sai da ya ga tabarmi. Ya jingine keken, ya yi gaisuwa, ya ɗan zauna. Da zai tafi ya tsaya yana kallon kik ɗin nan, kamar yana jira wani ya ce masa ya kwance. Daga baya ya tura kekensa ya koma da kayansa yadda ya zo.

Mijin Yaya mai gyaran wayar mota ne. Rumfarsa na bayan tasha, ƙarƙashin darbejiya, kuma tun ina jin tsoron hawa keke yake cikinta. Siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Tsakanina da shi wasa ne irin na mijin ya da ƙanen mata, sai dai namu ya wuce misali. Ni ina ce masa ya ƙwace mana Yaya da fitilar mota, shi yana cewa da ya san da ni a cikin kayan ɗaki da ya fasa auren.

In an kawo masa mota ta ƙi tashi, ba ya tashi daga bencinsa. Ba ya ma kallon motar. Direban yake kallo ya ce, "Me ta ce?"

Sabon direba sai ya fara dogon labari, tun daga inda ya sha mai. Ya katse shi.

"Ba kai na tambaya ba. Ita. Da ka murɗa makulli me ta ce?"

A wurinsa mota da ta ƙi tashi magana uku gare ta. In ta yi gurnani mai nauyi kamar wanda aka tasa daga barci, batir ya yi sanyi. In ta ce ƙas, ƙas, ta yi shiru, to a fara duba kan batir, wataƙila ya saki ko ya yi tsatsa. In kuwa ba ta ce komai ba, ga fitilu garau, to ba ƙarfi ta rasa ba, saƙo ne bai isa ba. Wayoyi biyu ke zuwa jikin kik. Mai kauri da ta taso daga batir ya raɗa mata ɗan dako. Siririyar da ke kai umarni daga makulli kuwa, ita ce 'yar aike. A bakinta akwai ɗan soket na tagulla da ake cusawa a wani ɗan harshe jikin kik. "Ɗan dako yana nan tsaye da ƙarfinsa," in ji shi, "amma in 'yar aike ba ta zo ta ce masa ɗauki ba, haka zai kwana." Sunan nan ya bi gari, har mai kayan gyara in an je sayen soket sai ya tambaya, "Na 'yar aike?"

Yana yawo da wani ɗan gwangwanin man zafi a aljihu, cike da irin soket ɗin nan, waɗanda ya tsinto daga matattun motoci ya kankare. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. In yana tafe sai ka ji caccaka kamar akuya mai ƙararrawa.

Abu guda ne ba ya iya gani ya yi shiru, shi ne turin mota. Mu kuwa direbobi, turi a jininmu yake. Mota ta ƙi tashi, ka sa ta a giya biyu, ka ce wa fasinja su taimaka, a yi ta kabbara har ta kama. Shi in ya hango, daga benci yake miƙewa.

"Kai! Mutum ya shigo motarka ka kai shi, kai kuma ka sa shi ya kai ka? Ku sake ta! Ku sake ta na ce!"

A kan haka muka yi faɗanmu mafi tsawo. Ranar kasuwa ce, na cika maƙil, mota ta yi shiru a daidai bakin rumfarsa. Shi yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce kafin ya fito mun yi nisa. Na sauke fasinja suka kama turi, har da wani limami da babbar rigarsa. Ashe yana gani ta tsakanin tayoyi. Har gobe ina cewa ranar kasuwa ce kuma ina sauri, amma shi daga ranar ya naɗa ni Sarkin Turi, ya kuma daina yi mini magana. Kwano ɗaya muke ci a zaurensa, in yana son ruwa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ki gaya wa ƙaninki ya miƙo buta," alhali Yaya tana can cikin gida, butar kuma tana jikin gwiwarsa. Muka yi ta haka har gero ya fitar da kai.

Da na gaji na kai ƙara wurin Yaya ina kwaikwayon muryarsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye faifan da ke hannunta ta ce, "Kai ba ka san yana da ƙane ba ko?"

Ban sani ba. Ta ce tun kafin aurensu ne. Ƙanen nasa yaron babbar mota ne, motar ta mutu a hawa, aka sa su turi, ta dawo da baya. Mijin Yaya ne ya je ya ɗauko gawarsa. Da aka jawo motar aka duba, babu abin da ya same ta sai 'yar waya guda da ta cire. "Bai taɓa ba ni labarin ba," in ji ta. "Mahaifiyarsa ce ta gaya mini. Kai ma kada ka nuna masa ka sani."

Ban nuna ba. Washegari na je rumfa na zauna a bencinsa na ce motata tana gaishe shi. Ya harare ni ya ce, "Me ta ce?" Shi ke nan faɗa ya ƙare.

Shekarar da mai ɗakina ta rasu, bai yi mini doguwar nasiha ba, don bai iya ba. Na ajiye mota, na rufe ƙofa, ba na son ganin kowa. Sai ga shi da sassafe yana buga ƙyaure, wai ba shi da mai murɗa masa makulli. Ƙarya yake, duk tashar nan makulli kawai suka iya murɗawa. Na bi shi. Ya shige ƙarƙashin mota, ni ina kujerar direba, ba abin da nake ji sai, "Murɗa. Saki. Murɗa." Haka muka yi ta yi kullum har na fara cin abinci, har wata rana na ji kaina ina tsokanar mai shayi. Ran nan ya ce, "To Sarkin Turi ya warke, tashi ka ba ni wuri, ka cika ni da surutu." A zaman nan ne abin da na sani na waya ya shiga kunnena, ba don na yi niyyar koyo ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mijin Yaya ya cika da hantsi. Mu uku ne a wurinsa, ni da Yaya da babban ɗansa, wanda ke kasuwanci a Kano. Aka gama abin da ake yi a asibiti, na cire kujerun baya na bas ɗina, muka shimfiɗa tabarma, muka kwantar da shi a lulluɓe. Yaya ta shiga ta zauna wajen kansa, jakar kayansa a cinyarta. An riga an buga waya Gwaram, an sanar da jana'iza, masu haƙa sun fita. Ana ta kiran babban ɗan ana cewa mu hanzarta, hadari ya haɗo ta gabas, in ruwa ya riga mu zai cika kabarin.

Na shiga na yi bisimilla na murɗa makulli.

Shiru.

Na sake murɗawa. Ko tari ba ta yi ba.

Kun san mutanenmu. Mota da gawa a ciki ta ƙi tashi, wa zai bari ladan nan ya wuce shi? Kafin in juya, 'yan acaɓa da masu jinya da mai sayar da ayaba sun yi dafifi a bayan mota, kowa ya ɗora hannu. Wani yana cewa, "Sa ta a biyu, Malam, sa ta a biyu!" Wallahi da na saki birki da sun kai mu Gwaram a hannu.

Babban ɗan ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu, a tura kawai."

Ƙafata tana kan kuloci, hannuna yana kan giya. Sai na ji muryar Yaya daga baya, a hankali.

"Ku ce su ɗauke hannuwansu."

"Inna, hadari fa."

"Na gani. Ba za a tura mahaifinka ba."

"Inna, shi yanzu babu abin da ya dame shi. Haƙƙinsa a gaggauta."

"Na sani. Kawunka ya duba."

Yaron nan ba laifinsa ba ne, gaskiya ya faɗa. Ya yi maganar neman wata mota, amma kafin a sami wanda zai yarda, ya cire kujerunsa, a sake ɗaga mamaci a gaban jama'a, ruwa ya sauka. Ya dube ni idonsa jajir ya ce, "Kawu, in aka kira azahar ba ta tashi ba, ku yi haƙuri, za a tura."  Yaya kuwa ni ta kalla.

Duk tsawon rayuwata in mota ta yi mini haka, mutum guda nake kira. Ga shi kuwa a cikin motar, bai taɓa zama kusa da matsala kamar ranar ba.

Na ba mutane haƙuri suka ja baya suna mamaki. Na zauna na tambayi kaina abin da zai tambaye ni. Me ta ce? Ba ta ce komai ba. Na kunna fitilar cikin mota, na murɗa makulli ina kallonta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da batir ne ya mutu, ko da kik yana jan wuta ya kasa juyawa, da ta dushe. Na girgiza kan batir, yana nan daram. Saƙo ne bai isa ba.

Na fitar da ita daga giya, na ja birkin hannu, na sa aka danne tayoyi da duwatsu. Na cire kan batir guda, don ya sha zagina a kan taɓa kik da wuta a jiki. Na tuɓe riga na shiga ƙarƙashi. Ni ba siriri ba ne kamarsa. Tumbina ya shiga, sai da na yi masa magana tukuna.

Can ciki duhu-duhu, ƙasa da ɗumi, warin baƙin mai. Ƙafafun mutane kawai nake gani, surutunsu ya yi nisa. Sai na lura inda nake kwance daidai ƙarƙashin inda yake kwance ne, ƙarfen ƙasan mota kawai ya raba mu. Shekaru yana nan ƙasa ni ina sama.

Ga ɗan dako a ɗaure tamau. Ga 'yar aike a wurinta, in ka kalla da ido sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Amma shi ba ya yarda da ido, da yatsa yake tambaya. Na kama ta na ɗan ja. Ta biyo hannuna ba gardama. Soket ɗin ya karye gida biyu, rabi a bakin waya, rabi a manne da harshen kik, robar da ta rufe shi ce kawai ke riƙe da su. Ciki duk ya yi kore kamar an barbaɗa garin kuka.

Ban san sanda na ce, "Malam, 'yar aike ce," ba. Na kuma tsaya ina jiran mamaci ya amsa, kamar wawa.

Da a ce waya ce ta tsinke da na ƙulla. Amma soket ne ya karye, ni kuwa ba ni da wani. Filaya da reza da salatif ne kawai a motar. Na turo kai waje ta wajen ƙofar baya na ce, "Yaya, na gano. Soket ne, kuma ba ni da shi."

Na ji tana laluben jaka. Sai caccaka. Ta miƙo mini gwangwanin man zafin nan ta ƙofa.

"Da shi ya kwanta," in ji ta. "Ma'aikaciyar jinya ta so ta ɗauke daga ƙarƙashin matashi, ya hana."

Na koma ciki da shi. Na zare guntun da ya maƙale, na kankare harshen da reza har ya yi haske. Na yanke bakin wayar inda ya ruɓe, na feɗe robar kaɗan, na murɗe zaren tagullar wuri guda. Na zaɓi soket daga gwangwani, na gwada shi a harshen, ya yi ɗan sako-sako, na matse bakinsa da filaya. Na kwantar da wayar a cikinsa, na lanƙwasa kunnuwansa a kanta na danne. Gumi yana shiga ido. Na ja wayar da ƙarfi in gani ko za ta zare, ba ta zare ba. Na naɗe da salatif, na cusa har na ji ya kama.

Da shi ne, a kwance zai ce a murɗa. Ni ba ni da zuciyarsa, na fito tukuna. Na mayar da kan batir na ɗaure. Na ce wa babban ɗan ya shiga ya zauna a kujerata, don hannuna duk baƙin mai ne, kuma gaskiya tsoro nake ji.

Na ce, "Murɗa." 

Ya murɗa. Ta kama a bugu ɗaya.

Jama'a suka ɗauki kabbara. Mai ayaba yana cewa da an bar su da tuni mun yi nisa, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuskarta, a nan ne ta fara kuka, tun safe ba ta yi ba. Muna fita ƙofar asibiti ladan ya ɗaga murya.

Hanyar nan na san kowane raminta da suna, amma ban taɓa bin ta shiru ba sai ranar. Hadari yana tafe a gefenmu baƙi ƙirin, gonaki sun yi lif. Haka muka shiga Gwaram. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, aka ɗauka a kafaɗa. An sa shi a kabari busasshe. Muna cikin mayar da ƙasa ruwan ya sauko, ya jiƙa mu sharkaf, babu wanda ya gudu.

Da aka watse na koma inda na ajiye mota a ƙofar gida. Na shiga na rufe. Kujerun baya ba a mayar ba, tabarmar tana nan a shimfiɗe. Ruwa yana dukan rufi. Na murɗa makulli, ta tashi. Na kashe. Na sake murɗawa, ta sake tashi. Aiki ne mai kyau, ni da kaina na sani, mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi. A duk garin nan mutum ɗaya ne zai sunkuya ya duba, ya taɓe baki, ya ce naɗin salatif ɗin kamar rawanin mahaukaci. Na zauna inji yana aiki, ba ni da inda za ni.

Kamasho ya zo da buhu a ka, ya ƙwanƙwasa gilashi. Na ɗan sauke.

"Lafiya? Ina za ka cikin ruwan nan?"

Na ce, "Babu ko'ina, Baba."

"Iye?"

Na ɗaga murya na ce, "Babu ko'ina!"

Ya ɗan tsaya yana kallona. Sai ya zagaya, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya shigo ya zauna da jiƙaƙƙen buhunsa. Muka zauna har ruwa ya ɗauke.

Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Ka haɗa shi da ƙanensa a inda babu hawa. Ka ba Yaya haƙurin zama a ɗakin da ya yi shiru, Ka raya abin da ya bari. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.